Shekarar da Iya Ta Yi wa Zomanya Jego

Ƙanshin kunun kanwa ne ya tarye ni tun daga zaure. Citta da kanumfari da masoro, da ɗan ɗacin nan na kanwa da ke maƙalewa a bayan hanci, sun cika gidanmu kamar ana shirin suna. Na tsaya da jakata a hannu, takalmina ɗauke da lakar Guri, ina bin matan gidanmu da na maƙwabta ɗaya bayan ɗaya a zuciyata. Ban bar mai tsohon ciki ko ɗaya ba. To, wa ta haihu?

Nana, ke da ƙaninki Abba kun sha jin wannan labari a bakin kawunku Sadiƙu, kuma duk sanda ya ba da shi sai ya ƙara masa gishiri. Cewa yake yi na yi faɗa da kakata saboda zomo, har ta yi rantsuwa a kaina. Akwai zomo, akwai rantsuwa, amma faɗa kam ba a yi ba. Shi ma ba ya gari a lokacin, yana makarantar kwana. Shi ya sa na ce bari in rubuta muku yadda abin ya faru tun muryoyin mutanen suna kunnena, ku karanta idan kun girma.

Shekarar da na gama karatu ce, ina zaman jiran aiki a gidanmu na Haɗeja. Yinin irin wannan zama dogo ne. Na kan yi shara, in taya Umma girki, sannan in shimfiɗa tabarma a gindin darbejiyar tsakar gida in yi ta rubuta waƙoƙin da babu mai karantawa. A cikin haka ne gwaggona ta Malam Madori ta zo mana da 'yar zomanya a cikin kwali. Fara ce tas, kunnuwanta ne kawai masu ruwan toka, kamar ta leƙa murhu ta fasa shiga. Na sa mata suna Raɓa, domin da sanyin safiya ta fi walwala, rana na ɗagawa sai ta lafe a inuwa. Baba ya haɗa mata keji da katako da waya a jikin katangar da rana ba ta duka. Kullum in ya dawo daga fadama akwai damin harawar gyaɗa ko busasshiyar ciyawa ɗaure a bayan mashin ɗinsa, wani lokaci har da ganyen dankali. Ba wai son zomo yake yi ba. Baba manomin shinkafa ne, a wurinsa dabba iri uku ce: wadda ake ci, wadda ake tatsa, da wadda ake ɗora wa kaya. Ni yake yi wa. Ina son ƙarar da bakin Raɓa ke yi idan tana cin harawa, kamar ana yanka atamfa da ƙaramin almakashi, kuma na kan daɗe ina saurare, biro a hannu, ban rubuta komai ba.

Kakata ta wajen uba, Iya Kulu, ita ce babbar gidan. Sunanta aka sa mini, shi ya sa kowa ke ce mini Ummi, ita kuwa Takwara take kirana. 'Yar siririya ce mai kaifin baki da taushin hannu. A unguwarmu babu matar da za ta haihu ba a aiko a kira Iya ba. Ita ke dafa ruwan wanka da ganyen darbejiya, ita ke dama kunu, ita ke tsare mai jego har ta ga ƙasan ƙwarya. Yaran da ta yi wa wankan farko wasu sun zama malamai, wasu direbobi, wasu har sun aurar da nasu 'ya'yan. Wannan ne alfaharinta a duniya, ba ta da wani. Ranar da ta ji sunan da na raɗa wa zomanyar, sai da ta ajiye carbinta.

“Raɓa? Takwara, wannan karatun naku har sunan dabba yake lalatawa? Ki dubi kunnuwa kamar ludayi biyu ki ce Raɓa?”

“To me za a ce mata, Iya?”

“Kunnuwa mana. Hajiya Kunnuwa.”

Haka kuwa ta ci gaba da kiranta. Da Raɓa ta girma na kai ta gidan wata maƙwabciyarmu mai namijin zomo ta yini, sai Iya ta tsare ni a ƙofa tana tambaya ina goron ɗaurin aure, wai ba a taɓa aurar da 'yar gidan nan a ɓoye ba. Tana tsokana, amma sau da yawa na kan hango ta a bakin kejin tana yi wa Raɓa hira ƙasa-ƙasa, tana ba ta labarin tsadar manja da rashin kunyar 'yan matan zamani.

A ƙarshen damina aka sa bikin 'yar kawuna a Guri. Ruwa ya cika ko'ina a shekarar, wani wajen sai da kwalekwale ake wucewa, saboda haka wanda ya je ba ya dawowa da wuri. Raɓa ta yi nauyi, amma a lissafina da sauran lokaci. Na tara mata harawa a buhu, na nuna wa Iya kwanon ruwa, na ce abin da take bukata ke nan. Iya ta ce in tafi abina, wadda ta raini mutane ba za ta kasa rainon kunnuwa ba. Na yi biki hankalina kwance. Na ga farin balbela sun rufe bishiya guda a tsakiyar ruwa kamar an shanya mata mayafai, na ci kifi har na gaji, na dawo da waƙa a kaina da nake ta maimaitawa a mota don kada ta gudu.

Ita ce ranar da ƙanshin kunu ya tarye ni. Ina shiga na ga Umma a bakin murhu tana danne dariya da gefen mayafinta. Ta nuna mini bayan ɗakin Iya da haɓa. Can na iske Iya zaune a kan 'yar kujerarta a gaban kejin, ƙwarya a cinya, tana fifita kunu da ludayi.

“Takwara, barka! Kin yi jikoki. Kwana ɗaya da tafiyarki ta sauka, ita kaɗai, ko uhum ba ta ce ba. Jaruma ce.”

Na durƙusa na leƙa. A lungun kejin Raɓa ta tsige gashin ƙirjinta ta yi shimfiɗa, a ciki kuwa ga wasu 'yan halittu biyar suna motsi, idanunsu a rufe, farin gashi ya fara tsiro musu kamar ƙura a kan tuffa. Na daɗe ina kallonsu. Sai da na ɗago na lura kejin babu ko tsinken harawa. An share shi fes. A maimakonta akwai ɗan faranti da guntun tuwon shinkafa, da ƙanzo jiƙaƙƙe, da ɓarin dabino, da murfin kwano mai busasshen kunu a gefensa.

“Iya, ina harawar?”

“Harawa? Mai jego? Ke dai Allah ya shirye ki. Kara za ki ba wadda ta haifi biyar? Na lura ba ta zama a kansu, tana can gefe tana kallon duniya, na san nono ne babu. Shi ne na dama mata. Da fari ta yi mini yanga, da na ƙara sukari kuwa, sai ga ta tana lasa har da lumshe ido. Balangu ne kawai ta ƙi, na sa an sayo mata ta juya masa baya.”

Umma ta ɗago murya daga madafa.

“Ki gode Allah da na hana wanka. Har an ɗora tukunya, an tsinko ganye.”

Na yi dariya har na zauna a ƙasa. Gaskiya ban ga wani abin tsoro ba a ranar. Raɓa tana lungu a takure, na ce gajiyar haihuwa ce. Na mayar mata da harawa, ta sunsuna ta kau da kai, Iya ta ce ai ga shi nan, ta ɗanɗani abincin mutane ta gane bambanci.

Washegari da safe ne dariya ta ƙare mini. Lokacin da Raɓa ta saba tsalle tana zaga keji, na same ta a dunƙule kamar ƙullin kaya, idanu rabi a rufe, kunnuwan nan sun yi sanyi. Ba ta taɓa harawa ba, ba ta taɓa kunun ba. Da na kai kunnena kusa sai na ji tana tauna haƙora a hankali, ƙurus, ƙurus, alhali babu komai a bakinta. Iya ta zo ta tsaya a kaina tana nuna mini ƙasan kejin da alfahari.

“Kin ga tsafta? Da, kullum sai an share tulin kashi. Tun shekaranjiya ya fara raguwa, 'yan ƙanana kamar gero, yau ko ɗaya babu. Mai jego mai kunya ke nan.”

Baba yana shirin fita. Ya zo ya tsuguna, ya sa hannu ya taɓa cikinta, ya duba idonta, ya miƙe yana karkaɗe gwiwa. Ya yi maganar da kowane mai kiwo a garinmu zai yi, ba da mugunta ba.

“Ummi, dabbar da ta daina ci ta daina kashi, tafiya take shirin yi. Gara a yanka ta da ranta a ci, da a bar ta ta zama mushe a jefar a bola. Alhaki ne ma barinta tana wahala.”

“Baba, 'ya'yan fa? Ko ido ba su buɗe ba.”

Ya san amsar, ni ma na sani. In uwar ta tafi, su ma sun tafi.

“To. Yau ki yi abin da za ki iya. Gobe in na dawo daga fadama, in ba ta tashi ba, kada ki roƙe ni.”

Ina da ƙawa Zuwaira, tare muka yi sakandare, ita ta karanci lafiyar dabbobi. Na kira ta a waya. Kafin hantsi sai ga ta ta sauko daga keke da 'yar jakarta, tana mita wai an taso ta daga kan shanun mutane saboda zomon mawaƙiya. Ta durƙusa ta gaida Iya, sannan ta ɗauko Raɓa ta ɗora a cinya. Ta lallatsa cikin a hankali, ta kara kunnenta a jiki ta daɗe tana saurare. Daga nan ta ɗaga 'ya'yan ɗaya bayan ɗaya ta duba.

“Iya, waɗannan ai a ƙoshe suke, dubi cikinsu kamar ƙwai. Haka zomanya take, ba ta kwanciya a kan 'ya'ya. Sau ɗaya ko biyu take shayar da su a yini, ta gama ta koma gefe. Uwar ce cikinta ya tsaya. Me take ci?”

Iya ta lissafa mata, har da sukarin, tana jiran yabo. Zuwaira ta dube ni, na dubi ƙasa. Ta yi bayani da ladabi, tana zaɓen kalmomi. Ta ce cikin zomo ba ya son hutu, dole ne kullum ya kasance akwai busasshiyar ciyawa tana wucewa, ita ce ke tura komai gaba. Idan aka cire ta aka sa gari da zaƙi, sai hanjin ya yi sanyi, abincin ya tsaya ya yi tsami, iska ta taru. Zomanya kuwa ba ta iya amai, abin da ya shiga ba shi da hanyar dawowa. Ciwon ya hana ta ci, rashin cin ya ƙara tsayar da cikin. Ni dai ina ji ina tuna yadda ciyawar kacalla ke toshe wa kogi hanya har ruwan ya tsaya ya yi wari. Ta yi mata allurar rage ciwo, ta ba ni sirinji marar allura. Ta ce in daka harawa ta yi laushi, in jiƙa da ruwa, in riƙa ɗura mata kaɗan-kaɗan ta gefen baki. In naɗe kwalbar ruwan ɗumi a zane in ajiye mata a gefe, in riƙa shafa cikin a hankali, in sa ta ta taka ko da 'yan taku ne. Ta ce da safe in nemo maganin kumburin ciki na jarirai a kemis, in kuma samo sabuwar busasshiyar ciyawa mai ƙanshi wadda za ta ja ra'ayinta.

“Alamar da za ki jira ɗaya ce, Malama Ummi. Kashi. In kin ga kashi, ki rubuta masa waƙa. Amma kunu, ko ɗigo.”

Zuwaira ta tafi. Ba a jima ba sai ga Iya ta fito daga madafa da ƙwarya tana tururi. A ganinta yarinyar nan ta faɗi nata na littafi, an ji, amma mai jegon da ba ta da lafiya ai ita ta fi bukatar kunu. Ta ma ƙara citta saboda iskar da aka ce ta taru. Ku ba ku san Iya da ƙwarya a hannu ba. Tun da nake ban taɓa ganin wanda ya ce mata a'a a wannan hali ba, ba matan unguwa ba, ba Umma ba, ba Baba ba. Na tsaya tsakaninta da kejin. Na dubi tururin, na dubi Raɓa a dunƙule. Sai na sa hannu biyu na karɓi ƙwaryar, kamar yadda ake karɓar kyauta, na ajiye ta a kan turmi.

“Iya, don Allah ki yi haƙuri. Kunun ne ya kwantar da ita. Ba za ta ƙara sha ba.”

Iya ta tsaya tana kallona. Da tsawa ta yi mini da ya fi sauƙi. Sai ta dubi hannuwanta da babu komai a ciki, ta goge su a zaninta.

“Kununa ne ya kwantar da ita.”

“Ba haka nake nufi ba, Iya…”

“Haka kika ce. Matan garin nan kaf sun sha sun tashi, amma Kunnuwa ta sha ta kwanta. To shi ke nan, Takwara. Wallahi ranar da kika haihu, harawa zan kai miki.”

Ta shige ɗakinta ta saki labule. Ranar ba ta fito hira ba, abincinta ma a ciki ta ci. Na je bakin ƙofa na yi sallama, ta amsa sallamar kawai ba ta ce in shigo ba. Wannan shirun ya fi mini komai nauyi, domin tun ina ƙarama a ɗakinta nake shan furar la'asar. Na koma wurin Raɓa na yi ta daka da ɗurawa, rabi na shiga rabi na zubowa a haɓarta. Ina shafa cikin da 'yan yatsu biyu kamar mai tsoron fasa ƙwai. Har rana ta faɗi ƙasan kejin yana nan fes, yadda Iya ke so.

Da gari ya waye na riƙe Raɓa a kan 'ya'yanta suka ɗan sha abin da ya samu. Ta yi sanyi fiye da jiya, kanta yana rinjayarta. Baba bai fita ba tukuna, yana gyaran mashin a ƙofar gida. Na hau keke na je kemis, daga can na wuce bakin kogi wurin masu sayar da ciyawa. Na zaɓi burugu da aka shanya ya bushe bai rasa korensa ba, mai ƙanshi kamar rana a kan tabarma sabuwa. A hanyar dawowa ban ga kogi ba, ban ga balbela ba, addu'a kawai nake yi in same ta da rai.

Na same ta da rai. Na kuma sami Iya zaune a kan kujerarta daidai ƙofar kejin, carbi a hannu, fuska a ɗaure. Baba ya riga ya tafi.

“Iya, ina kwana?”

“Lafiya. Rana na fito sha, gwiwata ke ciwo.”

Wurin nan kuwa inuwa ce tun safe har yamma. Na fito da maganin na ɗiga wa Raɓa. Iya ta saci kallon kwalbar, ta ga hoton jariri a jiki.

“Wannan ba na yara ba ne?”

“Shi ne, Iya. Shi aka ce a ba ta.”

“Uhum. Maganin mutane ya halatta, ruwan zafi a kwalba ya halatta, kunu ne kawai haramun.”

Na ɗora Raɓa a cinya na fara shafa cikin. Iya ta kalle ni, ta kau da kai, ta sake kallo. Ta ja carbi da ƙarfi. Can dai ta kasa daurewa.

“Ke wannan shafa kike yi ko gaisuwa? Miƙo ta nan. Ba don ke ba.”

Ta shimfiɗa zani a cinyarta ta kwantar da Raɓa, ta ɗan ɗaga bayanta sama. Ta hura tafin hannunta ya yi ɗumi, sannan ta fara murzawa daga ƙirji zuwa ƙasa, a hankali, a zagaye, yadda take yi wa jariran da ciki ya hana barci. Tana yi tana magana, ba da ni ba.

“Haba Kunnuwa, haba 'yar nan. Saki jikinki. Wa zai raini biyar in kin tafi? Wannan mai waƙar? Ai da yunwa za ta kashe su tana kallon gajimare.”

Muka yi ta yi, ita tana murzawa, ni ina ɗura ruwan harawa, mu sauke ta ta ɗan taka, mu sake ɗauka. Ba ta yi mini magana kai tsaye ba sai dai “ruwa” ko “riƙe nan”. Wajen azahar Iya ta tsayar da hannunta cak, ta ce in kawo kunnena. Na kara. A can ciki na ji wani ɗan ƙugi, kamar ruwa ya sami hanya a ƙaramar kwata. Bayan sallah Raɓa ta miƙa wuya ta ja tsinken burugu guda, ta riƙe shi a baki tana tunani, sannan na ji almakashin nan ya fara aiki. Ban yi motsi ba don kada ta fasa.

La'asar ta yi sanyi lokacin da Iya ta leƙa bayan Raɓa ta ga abin da muke jira. 'Yan ƙanana ne, busassu, baƙaƙe, wasu a saƙale da gashi kamar tsakiyar carbi. A rayuwata ban taɓa ganin abin da ya fi su kyau ba. Iya ta miƙe tsaye, ciwon gwiwa ya tafi, ta kama hanci ta rangaɗa guɗa irin wadda take yi idan an haifi ɗan fari. Umma ta fito da muciya a hannu. Matan maƙwabta suka fara leƙowa ta katanga suna tambaya wa aka ba da. Daidai nan Baba ya shigo da laka har gwiwa, ya tsaya yana raba ido.

“Iya, lafiya? Me aka samu?”

Iya ba ta kiran sunansa saboda shi ne ɗanta na fari. Ta tattaro abin a tafin hannunta ta miƙa masa har gaban hanci.

“Malam, duba nan. Kashi!”

Baba ya duba, ya dube ni, ya cire hula ya sosa kai, ya ce shi dai a duniya bai taɓa jin gidan da aka yi wa kashin zomo guɗa ba sai nasa, kuma don Allah kada maganar ta kai masallaci. Ta kai kuwa, kafin magariba.

Raɓa ta murmure a hankali. 'Ya'yanta huɗu suka rayu, ƙaramin cikinsu bai kai ga buɗe ido ba, na binne shi a gindin darbejiya. Zomayen da kuke ba ganyen dankali a gidan kakanku jikokin jikokinta ne. Iya ta zama mai tsaron harawa, duk yaron da ya zo da biskit ko ƙuli-ƙuli zai ba su sai ta kore shi da carbi tana cewa cikin zomo ba ya son hutu, kamar ita ta gano haka. Amma ta daɗe ba ta kira ni shan fura ba, kuma ba ta taɓa cewa ta yafe maganar kunu ba. Rantsuwarta ma ba ta manta ba. Ranar da na haife ki, Nana, na dawo gida wanka, ɗaki cike da mata, sai ga Iya ta shigo da ɗan damin harawa ɗaure da zare, ta ajiye mini a kan gado, ta ce bisimilla. Sai da ta ga na ɗauki tsinke na sa a baki, mata suna ta faɗuwa don dariya, sannan ta juya ta ɗauko ƙwaryar da ta ɓoye a bayan ƙofa. Ta tsare ni har na ga ƙasanta, kullum, har na gama wanka.

Bara, bayan rasuwar Iya, Allah ya jiƙanta, ina zaune da Baba a zaure ana gobe Babbar Sallah, yana wasa wuƙar layya. Sai ya yi murmushi shi kaɗai, ya ce akwai abin da bai taɓa gaya mini ba. A safiyar nan da na tafi kemis, ya shiga ya duba Raɓa, ya ga ba za ta kai yamma ba. Ya ce a ransa gara ya gama kafin in dawo, ya rage mini ganin abin. Ya ɗauko wuƙa. Kafin ya iso, Iya ta fito daga ɗakin da ta yini ta kwana tana fushi, ta ja kujerarta ta zauna a ƙofar kejin.

“Ta ce mini, Malam, mayar da wuƙarka. Tun da aka kawo ni gidan nan ba a taɓa yanka mai jego ba, ba kuwa za a fara ina numfashi ba. Na ce, Iya, zomanya ce fa. Ta ce ta ji, in zo in ɗaga ta daga kujerar in na isa.”

Ya gwada kaifin wuƙar a babban yatsansa, yana dariya, idonsa ya kawo ruwa.

“Sannan ta ce in na kuskura na gaya miki, ba ta yafe ba. Wai kada ki ɗauka ta huce.”